Da Baya Muka Hau Tudun Maje

Mu'azu ɗan Gwaggo Karima ne, yayar mahaifina. Taubashina ne ke nan, bawana, don haka duk abin da zan faɗa a kansa da motarsa ba mai kai ni ƙara. Motar Golf ce, tsohuwa tukuf, ta girmi 'yata ta fari wadda yanzu take goyo. Asalinta ja ce, amma rana da hanyar Kuyello sun mayar da ita kalar tukunyar ƙasa. Ƙofar baya ta hagu da igiya ake ɗaure ta, hon kuwa sai ya ga dama yake kuka. A tashar Birnin Gwari, inda Mu'azu yake lodin Kuyello ranar kasuwa, fasinja kan shiga da bismillahi ya fita da alhamdulillahi, kuma duka biyun daga zuciya suke fitowa. Ni ma a cikinta nake zuwa sarin masara. Ina zaginta tun daga tasha har mu isa, shi kuma yana cewa nauyina ne ya tsufar da ita.

Gwaggo 'yar Tudun Maje ce, wani ƙauye gaba da Kuyello, a kan tudu, tsallaken rafi. Can aka haife ta, can ta yi aure, can aka binne mijinta. A shekarun da daji ya ƙi zaunuwa, ranar da aka watsa garin, ta faɗi a gangaren rafin tana gudu ta karye a ƙugu. An yi ɗori, bai kama daidai ba. Tun daga nan da sanda take takawa, kuma ba ta iya buɗe ƙafa ta hau babur. Mu'azu ya ajiye ta a ɗakin haya cikin gari, ba ta rasa ci ba, ba ta rasa sha ba, amma ko sau ɗaya ban ji ta kira ɗakin nan gida ba.

Da abubuwa suka lafa, mutanen Tudun Maje suka fara komawa da ɗai-ɗai. Duk a kan babur, domin ruwa ya cinye kwalbatin rafin tun tuni, ya bar gangara biyu suna kallon juna, ba motar da ta ƙara taka garin. Ran nan da bazara, ina gyara mata farce, Gwaggo ta kira ɗanta.

"Kafin ruwa ya sauka nake so ka mai da ni gida," in ji ta. "In rafin nan ya cika sai kaka ta wuce, ni kuwa ban yi alkawari da kowa zan ga baɗi ba."

"Inna, mota ba ta hawa wajen nan. Sai dai in kai ki bakin rafi, samarin gari su ɗauke ki a kan gado su haura da ke."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Wanda ake shiga da shi garinsu a kan kafaɗun maza sunansa gawa. In wannan kake jira, ka ƙara haƙuri kaɗan."

Na san Mu'azu tun muna yawo ba riga, ina kallonsa na gane magana ta shige shi. Washegari ya sayar da waken suyar da ya ajiye don hayar shekara, ya tura motar garejin Andrawus, bakaniken da ke ƙarƙashin mangwaro a bayan tasha.

Kuɗin waken ba wani abin a zo a gani ba ne, in an yi wannan gyaran sai a haƙura da wancan. Amma shawara kyauta ce, saboda haka kowane direba a tashar ya zama injiniya. Wani ya ce a canza kafireto a sa babba. Wani ya ce a huda salansa ta samu numfashi. Sadisu, wanda motarsa ta fi ta kowa ƙuruciya kuma bai taɓa barin kowa ya manta ba, ya ce duk wasa ne, sai an sauke injin an sa na gwanjo. A ƙarshe Mu'azu ya yi abin da kowane mai Golf a hanyarmu yake fara yi in ya sami kuɗi. Ya sa aka ɗaga bayanta, aka sa mata sifirin na babbar mota da sababbin shoka, domin a wajenmu darajar mota ita ce buhu nawa take ɗauka ba ta durƙusa ba. Ta fito gareji gindi a sama, hanci a ƙasa, kamar kaza mai tsintar dawa. 'Yan tasha suka yi ta sa albarka, ni ma na yi, don a lokacin ban san komai ba.

Ranar kasuwar Kuyello ya ce mu je gwaji. Bayan na gama sari ya cika but da buhunan masarata, wai su tsaya a madadin kayan Gwaggo, muka nufi rafin. Na sauka na tsaya a bakin gangaren wannan ɓangaren ina kallo. Ta gangara lafiya, ta ratsa yashi lafiya, ta kama hawan Tudun Maje. Ba ta kai rabi ba tayoyin gaba suka fara juyawa a waje ɗaya, suna watsa tsakuwa, hayaƙi na tashi. Ya dawo ƙasa ya sake ɗaukar gudu. Haka dai. Ya sake, ya sake, har warin roba ya iso ni inda nake tsaye.

Sai ga wata sabuwa. Cikin rafin matsattse ne, duwatsu hagu da dama, ba wajen juya mota. La'asar ta yi, kuma ko an ce an yi sulhu ba mai son yamma ta same shi a dajin nan. Ina daga sama ina faɗa masa abin da ya dace da shi da kakanninsa na wajen uba. Da ya rasa yadda zai yi sai ya sa ribas. Giyar ribas ɗinta ta daɗe tana fita da kanta, sai da ya danne ta da hannu ɗaya, ya leƙo da kai ta taga, ya taka. Motar nan ta taho da baya tana ihu, ta haye gangaren da nake kai ba ta tsaya ba, ta zo ta tsaya a gabana tana warin kuloci kamar an ƙona gashi.

Ya fito. Na buɗe baki zan ci gaba daga inda na tsaya, sai na ga ba ni yake kallo ba. Ya dubi gangaren da ya hauro, ya dubi wancan da ya gagare shi, ya sake duban wannan.

"Huraira, tsakani da Allah, wanne ya fi wani tsayi?"

"Duk kanwar ja ce," na ce. "Ka zo mu tafi tun da ranmu."

Maimakon ya shiga mota sai ya durƙusa a gaban tayar gaba yana shafa ta, yana murmushi shi kaɗai. A hanya ya yi mini bayani, na saurara don ba inda zan gudu. Wai Golf da ƙafafun gaba take ja. In tana hawa da goshi, kuma ga kaya a but, duk nauyi baya yake komawa, ƙafafun da ke aikin su zama sakayau, ba abin da ya danne su a ƙasa. In kuwa da baya take hawa, injin da komai a kansu yake zama. "Ba ƙarfi ta rasa ba," in ji shi. "Mun yi ta ciyar da ƙafafun da ba sa noma."

Rabin kuɗin ya riga ya tafi a kan sifirin. Da muka koma gareji da safe, Sadisu ya riga mu zuwa, labari ya iso shi.

"Ai na faɗa maka, Malam Mu'azu. Injin ne. Ka kawo abin da ya rage, in ƙara maka magana wajen mai gwanjo."

Mu'azu ya yi masa godiya, ya juya wajen Andrawus. "Oga, kuloci za ka fara sa mini, mai kyau, ba gyararre ba. In ka gama ka buɗe giya ka gyara mini ribas, ta daina fita. Abin da ya saura a nemo mini tayoyin gaba guda biyu masu haƙora, ko na gwanjo ne. In da canji, madubi."

Andrawus ya ajiye sifana ya goge hannu. "Lagireto fa? Yana yoyon ruwa. Ga ƙofar nan."

"Lagireto jarka za ta riƙe shi. Ƙofa kuwa ba ita za ta hau tudu ba."

"Injin fa?" in ji Sadisu.

"Injin ya gaishe ka."

Aka tuntsire da dariya. Sadisu ya riƙe ciki. "Jama'a ku zo ku ga ikon Allah! Kowa yana gyara mota ta yi gaba, Mu'azu yana gyara tasa ta yi baya!" Maganar ta zagaya tasha kafin azahar, masu shayi ma da ita suka karya. Andrawus dai bai yi dariya ba, bai kuma ce ya gane ba. Ya ce mota ta mai ita ce, ya shiga ƙarƙashinta. Kuɗin ya ƙare a kan tayoyi, bai kai ga madubi ba, sai Andrawus ya ciro ɗaya daga wata matacciyar mota da kaji ke ƙwai a cikinta, ya ɗaura masa da waya, ya ce a gaida Mama.

Daga nan Mu'azu ya shiga koyon abin da ya ɗauka ya iya. Kullum in ya tashi daga lodi sai ya tafi filin bayan kasuwar shanu, inda akwai wani tudun ƙasa da masu gini suka bari, ya yi ta hawa da baya yana saukowa har wuyansa ya ƙage. Matarsa Jannatu ta gaji da gasa masa wuya da ruwan zafi. A wajen masu awo na ji wata tana cewa direban nan ai iska ta taɓa shi, an ga yana zagaya fili da baya. Na ajiye mudu na wanke ta tas. Mu'azu nawa ne, ni kaɗai ke da izinin zaginsa, kuma a ranar na lura na daina jin daɗin yi.

Ruwan farko ya sauka wata Talata da yamma, mai ƙarfi, har da ƙanƙara. Da gari ya waye Gwaggo ta riga kowa shiryawa, tana zaune a kan ƙullin kayanta da sanda a hannu. Muka ɗora katifa da tukwane, da buhun iri, da buhun taki, da jarkar ruwan lagireto. Jannatu ta yi kuka, Gwaggo ta ce ta adana hawayenta, ba lahira za ta ba. Muka bi ta gaban tasha. Sadisu ya ɗaga mana hannu yana tambaya ko mun tanadi igiyar ja.

Hanya ta yi laushi amma ba ta ɓaci ba. Mun tsaya shayar da lagireto a Kuyello, muka wuce. Da muka isa rafin, ruwa ya fara gudu a cikinsa, iya idon sawu, gangaren Tudun Maje kuwa ya yi jajir yana sheƙi. Gabas ta fara haɗa wani hadarin. Mu'azu ya juya motar a saman gangare, gindinta ya fuskanci rafi, ya fito ya fara kwashe kaya masu nauyi daga but yana mai da su gaba. Taki a ƙarƙashin ƙafata, iri a kan cinyata.

"Yau ranarki ce, uwar ɗakina," ya ce da ni. "Duk tuwon da kika ci a duniya yau zai yi amfani. Ki matsa gaba sosai."

Ban samu na rama ba, Gwaggo ta yi magana daga kujerar baya.

"Me ya sa muke kallon inda muka fito?"

Ya durƙusa a bakin ƙofarta ya yi mata bayani a hankali, na ƙafafun gaba da nauyi da komai. Ta saurara har ya gama.

"Wato da ƙeya zan shiga garin."

"Na ɗan lokaci ne, Inna. Muna haurawa zan juya."

"Ranar da na bar garin nan baya na ba shi, ina gudu, ko waiwaye ban yi ba. Kabarin ubanka yana bayana, ɗakina yana ci da wuta a bayana. Yanzu kuma in dawo masa da baya, kamar wadda ta yi sata?" Ta gyara mayafi. "Ka mai da ni ɗakin haya."

Na san Gwaggo, in ta ce a'a ko limamin Juma'a sai dai ya yi mata addu'a. Na dubi Mu'azu. Hayar shekara ta tafi, ya zama abin dariyar tasha, wuyansa har yanzu ba ya juyawa sosai, ga gida can ana hango rassan majen da aka sa wa garin suna. Bai yi musu da ita ba. Ya miƙe ya tsaya riƙe da ƙugu, iska ta fara kaɗa masa riga. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya tsaya a bayanta, inda but yake a buɗe ba komai a ciki.

Sai na ga ya jawo katifa daga saman mota. Ya naɗe ta biyu ya shimfiɗa a cikin but ɗin, ya jingina rabinta da bayan kujera. Ya ɗaga murfin har ƙarshe ya ɗaure shi da igiyar kaya a jikin ƙarfen ɗaura kaya na saman mota don kada ya faɗo. Sannan ya dawo ya durƙusa.

"Inna, ga zaure na yi miki. Ke za ki riga mu shiga, mu muna bayanki."

Gwaggo ta leƙa ta duba. Ba ta ce ya kyauta ba, ba halinta ba ne. Ta miƙo mini hannu kawai. Muka taka da ita a hankali, ta zauna a bakin but ɗin ta ja jiki ciki, ta miƙe ƙafafu, fuskarta tana kallon Tudun Maje. Na kwance ɗankwalina na biyu da majanyin da ke cikin kayanta, na ɗaure ta ta ƙirji a jikin kujera kamar goyo, don gangarar farko ƙasa za ta kalla. Ta ce in na matse ta ta mutu, Allah ya isa.

Na koma gaba na rungume buhun iri. Mu'azu ya yi bismillah, ya sa ribas, giyar ta shiga da wata 'yar ƙara mai daɗi ta zauna. Ya saki hannunsa daga kanta, ya kama sitiyari da hannu biyu, idonsa a kan madubin Andrawus. Muka gangara a hankali, birki yana kuka. Ruwa ya fantsama a ƙarƙashinmu. Ni ba abin da nake gani sai hanyar da muka baro tana nisa, sai na ji bayan motar ya ɗaga, nauyina duka ya zubo gaba, na san mun kama hawan.

Tayoyin nan suka ciji ƙasa. Ina jin su ta tafin ƙafata, suna kamawa suna turawa. Injin da aka ce ya mutu yana gurnani bai sarara ba. Muka wuce inda ta tsaya ranar gwaji, na gane wajen da baƙin tabon roba a kan dutse. Can sama kaɗan, inda jar laka ta fi santsi, sai ta yi wani zillo, tayar dama ta juya a banza, motar ta karkace.

"Ka bi ta wajen giginya!" Muryar Gwaggo ce daga baya, da ƙarfin da ban san tana da shi ba. "Nan tsakuwa ce a ƙasa, nan muke bi da tulu!"

Mu'azu ya murza sitiyari, bai ɗaga ƙafa ba. Ni kuma na kife a kan gaban motar da ni da buhu, ina salati, ina danna ta ƙasa da duk abin da Allah ya ba ni. Laka ta fantsamo gilashi. Taya ta sami tsakuwa, ta kama. Kulocin bai yi wari ba, giyar ba ta fita ba. Sai ji na yi motar ta daidaita, hancinta ya taso, ƙarar injin ta sauka.

Bai juya ba. Ya ci gaba da tafiya da baya a kan fili, a hankali, ta tsakanin gonakin da aka fara sharewa. Na dube shi, gumi har haɓa. Na yi niyyar in tsokane shi na kasa, domin alfahari da shi ya cika ni. Duk tashar Birnin Gwari ba direba kamar ɗan gwaggona, kuma a gaban kowa zan faɗa.

Mutanen gari sun ji ƙarar mota, abin da suka manta da shi, suka fito. Abin da suka fara gani shi ne Karima zaune a kan katifa, mayafinta a gyare, hannuwanta a kan cinya, tana tahowa tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa, Bushira, ƙawarta tun ta 'yanmatanci, ta yar da ƙwaryar da ke hannunta ta rangaɗa guɗa, guɗar ta karye a tsakiya ta zama kuka. Gwaggo tana ta nuna hanya, a bi nan, a karya nan, har ta ce a tsaya.

Gidan ba rufi, ba ƙyaure, katangar ta zube ta gefe ɗaya. Na kwance mata majanyin. Samari suka matso za su ɗauke ta, ta ɗaga musu sanda.

"Ku matsa. Da ƙafata."

Ta zuro ƙafa ɗaya, ta zuro ɗayar, ta dafa sanda ta miƙe. Ba wanda ya yi motsi. Ta taka, ta huta, ta taka, har ta kai bakin ƙofar, ta dafa ginin da tafin hannu ta daɗe a haka. Sannan ta juyo ta zauna a kan dokin ƙofa. An fara yayyafi. Mu'azu yana tsaye a jikin motar, injin yana ta aiki, kamar mai jiran a ce masa akwai sauran tafiya.

Gwaggo ta dube shi.

"Kashe ta ta huta," in ji ta. "Mun zo."